Sanata a Kujerar Mai Mota

Tun da na ajiye sitiyari, ba a yin mako wani yaro bai zo nan bakin tasha ya tsuguna a gabana ya ce, Baba Ɗanlami, ka haɗa ni da mutanenka masu karnuka ba. In na tambaye shi me ya sani a aikin, sai ya yi dariya ya ce ai kare ba ya ciniki, ba ya neman canji, ba ya cewa a tsaya zai sayi rake. Wai buɗe ƙofa ne kawai, ka jefa shi ciki, ka ba mota wuta. To ku matso ku ji gaba ɗaya, don na gaji da yi wa mutum ɗai-ɗai bayani.

Wanda ya koya mini aikin nan Oga Sande ne, wani mutumin kudu da ke zaune a Sabon Gari. Shi ya taɓa tuƙa wani Bature a gonar gwaji ta Samaru, Baturen kuma karnuka biyu gare shi da ya fi so a kan 'yan'uwansa. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Oga Sande tsohuwar mota da wannan sana'a. Ranar da ya fara ba ni tuƙi bai sa mini kare ba. Kwanon miyarsa ta rana ya ɗora a kujerar baya, ba murfi, miyar nan mai yauƙi irin tasu, ya ce in kai shi Samaru. Kafin mu wuce Palladan miya ta kama hanyarta zuwa ƙarƙashin kujera. Ranar bai ci abinci ba, ni ma ban ci ba, ƙeyata kuma ta sha. Da ya huce sai ya ce mini, da Hausarsa mai karkace, mutum in ka taka burki yana da hannun da zai riƙe wani abu, kare kuwa ƙafa huɗu gare shi amma hannu ko ɗaya babu. Duk sana'ar a cikin maganar nan take, sauran ƙarin bayani ne.

Ku da kuke tuƙi kamar ana binku da adda, ku sani kare yana jin kwana tun kafin ka shiga ta. Burki daga nesa ake fara shi. Tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, hawansa ake yi kamar tsohuwa za ta hau gado. Rediyo ƙasa-ƙasa. Turaren motar da kuke ratayawa a madubi, ku da kuke da hanci ɗan wannan yana hawar muku kai, balle shi. Safiyar tafiya ba a ba shi abinci, ruwa kaɗan, sannan ka zaga da shi bayan gida ya rage ciki. Wanda ya ƙi jin wannan zai koya da toka da sabulu, ni ma da su na koya.

Da Oga Sande ya tsufa na sayi tawa motar, na kai ta Chikaji wajen wani mai ɗinkin kujeru. Ya ɗinka mini ɗamarar ƙirji da tsohon bel ɗin mota, mai maɗauri a baya, don kare ba a ɗaure shi a wuya cikin mota. Burki ɗaya ya isa ka rataye shi. Ramin da mutum ke sa ƙafa a baya na cike shi da buhunan buntun shinkafa, ya zo daidai da kujera, don kada ya zame ya faɗa. A kai in shimfiɗa buhun algarara, in zafi ne in jiƙa shi. A kan buhun kuma tsohuwar rigar mai karen, wadda ba a wanke ba, don in ya ji warin ubangidansa sai ya kwanta. Gilashi ana sauke shi daidai hanci ya samu iska, kai bai fita ba. Gaba kuwa ba wurin kare ba ne, rana tana dukan wurin, ga giya kusa, ya tashi tsaye sau ɗaya ku tafi rami tare. Abu na ƙarshe da na yi, bayan wani karen mai sayar da kayan gyaran mota ya danna hannun ƙofa muna cikin gudu, shi ne na kwance hannuwan ƙofofin baya na ciki duka biyu, har da na murɗa gilashi. Daga ranar ba mai fita bayan motata sai na zagaya na buɗe masa.

Abokan tasha sun sha mini dariya. In na wuce sai ka ji ana cewa Ɗanlami, yau wane Alhaji ka ɗauko? Fasinjan da zai rungume akuya daga Sabon Gari har Bomo, tana yi masa kashi a riga, shi ne zai leƙa motata ya toshe hanci. Ban ga laifin masu kiyaye tsarkin salla ba, wannan addini ne, kuma ni da kaina nake gaya musu kada su shiga. Waɗanda ke ba ni dariya su ne masu karnukan. Akwai malamar jami'ar da ke yi wa karenta Turanci tana ba shi haƙuri, ta juyo ta daka wa mai gadinta tsawa da Hausa. Akwai farfesan da karensa ke cin dafaffen ƙwai da safe, mai dafawan yana karyawa da ƙanzo. Akwai wani attajiri da ya ajiye ƙaton kare saboda 'yan fashi, amma in zan kai shi allura sai ya ce in biyo ta ƙofar baya, in an tambaya in ce na maƙwabcinsa ne. Lokacin nan fashi ya yi yawa, kowa kare yake nema, asibitin dabbobi kuma ba ya zuwa gida, don haka mota ba ta kwana.

Sai shekarar dogon yajin aiki ta zo. Jami'a ta zama kufai, ɗalibai sun watse, masu ɗakunan haya a Bomo suna hira da ƙadangaru. Karen da ke cin ƙwai ya koma sauran tuwo, wani ma aka kwance shi aka ce ya je ya nemi na kansa. Ba mai kai kare allura alhali yaransa an koro su daga makaranta. Na mayar da hannuwan ƙofa, na wanke mota har fenti ya fara tashi, na shiga layi a tasha. Ina, suna ya riga ya bi ni. Mota ta gabana ta cika, ta bayana ta cika, ni ina tsaye kamar mai sayar da maganin gargajiya. Itace na koma ɗauka da buhunan masara har aka janye yajin. Ranar da aka koma aji, kafin in karya na sake kwance hannuwan.

Duk cikin mutanena, wanda ko a wannan shekarar bai daina kirana ba shi ne Dakta Ishaya. Malami ne a jami'a, idonsa ya yi rauni ya daina tuƙi. Karensa babba ne, ja, mai faɗin kai, sunansa Sanata. Na tambaye shi dalilin sunan, ya ce ai ci yake yi ya yi barci, in talaka ya zo ƙofar gida ya yi masa haushi. Kowace Asabar nakan kai su wajen mahauta a Sabon Gari a sayo ƙashi. Kun san kujerar mai mota, ta baya a hannun dama, wadda kowane babban mutum ke hakimcewa a kai. Dakta ba ruwansa da ita, gaba yake zama kusa da ni don ya samu wanda zai yi wa gardamar siyasa. Sanata ne ya gaji kujerar, kuma tun yana ɗan kwikwiyo bai san wani wuri a mota ba sai nan. Ka sa shi a hagu, tsaye zai yi yana rawar jiki har ku isa.

Dakta ya rasu, aka kai shi ƙauyensu can gaba da Kachia aka binne. Bayan 'yan watanni aka ce matarsa, Mama Rifkatu, ta bar gidan ma'aikata. Ita 'yar Zariya ce, Allah bai ba su haihuwa ba, ƙauyen mijin kuma iyakarta da shi Kirsimeti. Amma can Dakta ya gina ɗan gidansa, can za ta. Babbar mota ta kwashi kaya ta yi gaba. Ni aka ce in ɗauko ta da Sanata, wanda lokacin ya tsufa, gemunsa ya yi fari, in ya yi 'yar tafiya sai haki. Kuma tsakiyar bazara ce, irin zafin da kwalta ke kama takalmi.

Dangin miji sun turo wan marigayin ya raka ta. Markus sunansa, amma kada ka kuskura ka kira shi haka. Ya taɓa yin kansila zango ɗaya, kujera ta tafi, Onarabul ya zauna. Ya fito cikin babbar riga mai sitaci, da hula, da jakar hannu wadda na tabbata ba komai a cikinta sai jarida. Ya tsaya a ƙofar dama ta baya yana jira a buɗe masa, sai ya hangi buhun algarara da tsohuwar rigar Dakta a shimfiɗe. Ya tambaya na mene ne, na gaya masa. Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Ya ce kai direba, a kwashe tsummokaran nan, kare ya shiga but, can baya wurin kaya. Na ce ranka ya daɗe, but ba iska, in an ɗaga murfin kuma hayaƙin mota ne ke komawa ciki. Ya ce akuya ma a but take tafiya ta isa lafiya. Na ce akuya ranar da ta isa ake yanka ta, ba wanda ya taɓa tambayarta yadda ta ji. Ya ce bai zo Samaru don direba ya koya masa magana ba.

Maƙwabta sun fito sallama, matan coci suna ta kuka, kowa ido a kanmu. Mama tana cikin baƙaƙen kaya, ba ta da bakin musu da wan miji a gaban jama'a. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a but, na ɗaga Sanata na sa, na tokare murfin da itace na ɗaure. Onarabul ya shige kujerarsa, Mama a hagu, jakar jarida ita ta samu kujerar gaba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Har Palladan ina jin Sanata yana karta da kuka. Wannan bai dame ni sosai ba, mai kuka da sauran ƙarfinsa. Muna hawa titin Kaduna daga Kwangila sai na ji shiru. Ban nemi izinin kowa ba na gangara gindin wata bishiya. Na tarar da shi kwance a gefe ɗaya, harshe waje ya fara canja launi, yawu ya jiƙe buhun. Na sauko da shi inuwa, na riƙa zuba masa ruwa a tafin ƙafa da ciki da bayan kunne, kaɗan-kaɗan, ba a kwara wa mai zafi ruwa gaba ɗaya. Na buɗe wa Mama ta fito, ta durƙusa ta ɗora hannu a kansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗanlami, inda za ni ba wanda ya san ni sai shi. Ka kai mini shi da rai."

Na zagaya wajen Onarabul. Na fara da cewa ai marigayi ma gaba yake zama, ya ce shi ya sa har ya mutu ba wanda ya san girmansa. Na ce to ya zauna a hagu, Mama ta dawo gaba, ya ce shi da kare a kujera ɗaya, sai dai bayan ransa. Nan na lura duk maganarsa ba ta wuce me mutane za su ce. Sai na nuna masa titi, ba kowa sai tireloli da wani Bafulatani can nesa da shanunsa. Na ce ranka ya daɗe, a dajin nan wa zai gan ka? Ka ara wa karen kujerar a inda ba mutane, in mun kusa gari in tsaya ka karɓi abinka, ka shiga kamar yadda ka fita. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dubi Bafulatanin. Ya ce saboda marigayi zai yi, kuma kada maganar ta fita daga motar nan. Ga shi yau shekara da shekaru ina riƙe da amanar.

Onarabul ya koma kujerar gaba, na mayar da buhu da rigar Dakta, na ɗaura wa Sanata ɗamara. Ya shinshina rigar, ya juya sau ɗaya, ya kwanta ya ɗora haɓa a cinyar Mama. Kafin Jaji numfashinsa ya daidaita.

Wahalar ta koma gaba. Da muka shigo Kaduna, Onarabul ya cire hula, ya zame ƙasa a kujera, ya buɗe jarida ya rufe fuska. Na ce ai nan ba wanda ya san ka, ya ce wa ya sani. Duk garin da muka ratsa haka yake yi, mutum da girmansa yana naɗewa kamar tabarma. A wani shinge kan hanyar Kachia wani mai kaki ya leƙo, ya ga kare kwance a kujerar mai mota da ɗamara, ya yaba kyansa, sannan ya dubi Onarabul ya tambaye shi ko shi ne mai yi masa wanka. Onarabul ya ƙara jan jarida ya rufe fuska. Ni dai ina tsayawa inda na ga inuwa, in ba Sanata ruwa, in sake jiƙa buhu, in zaga da shi, mu ci gaba.

La'asar ta yi sanyi muka hangi rufin cocin ƙauyen. Tun kafin Onarabul ya yi magana na tsaya gindin wani mangwaro, don alkawari kaya ne. Na buɗe na sauko da Sanata, na kwashe shimfiɗa, na kakkaɓe kujera. Onarabul ya gyara hula, ya baza riga, ya shiga, na rufe masa. Ya ce to a mayar da kare but, ai saura kaɗan. Sauran hanyar kuwa duk ramuka ce da ƙura. Ina tsaye da igiya a hannu, sai Mama ta ƙwanƙwasa gilashi na buɗe mata. Ta karɓi igiyar daga hannuna.

"Ka kai Baba gida," in ji ta. "Mu za mu taka."

Onarabul ya yi 'yan maganganu kan mata da taurin kai, amma da ya ga ta riga ta kama hanya sai ya ce in ja a hankali, in kuma riƙa danna hon in mun shiga gari. Na danna masa. A ƙofar gidan Dakta muka tarar da matan zumuntar coci cike, zani iri ɗaya, da tulunansu na kiɗa, sun zo tarbar matar ɗansu. Onarabul ya ɗaga hannu yana gaisuwa ta bayan gilashi. Suka leƙa dama, suka leƙa hagu, shugabarsu ta ce da ni ina matarmu? Na nuna mata hanya. Can ga Mama tana tahowa ita kaɗai cikin baƙaƙen kaya, da tsohon kare a gefenta yana ɗingishi. Wata ta ɗaga waƙa, sauran suka amsa, suka ɗunguma gaba ɗaya. Maza suka bi, yara suka bi don su ga karen da ya zo a mota daga Zariya. Ƙofar gida ta zama ba kowa.

Shi babban mutum ba ya buɗe wa kansa ƙofa, shi ya sa tun safe bai lura ba. Ya jira, ya gyara zama, ya sake jira. Sannan ya kai hannu inda hannun ƙofa ya kamata ya kasance, ya shafa, ya matsa ɗaya gefen ya shafa. Ina bayan mota ina zuba ruwa a kwano na ji murya ta ɗan tsagin gilashin nan da na bari daidai hanci. Da farko kai direba na ji. Can kuma sai na ji Malam Ɗanlami, ashe duk yinin nan ya san sunana. Na ce ina zuwa, ranka ya daɗe, na ɗauki kwanon na bi jama'a, don ni aikin da aka ba ni na kare ne.

Na same su a tsakiyar hanya, mata sun kewaye Mama, wannan ta rungume ta, waccan ta share mata fuska da bakin zani. Sanata yana zaune a kan ƙafarta yana haki, yana kallon kowa, bai yi wa ko mutum ɗaya haushi ba. Na ajiye masa kwanon, ya sa baki. Mama ta dube ni ta cikin mutane ta ce, "Ka kawo shi." Daidai nan hon ɗin motata ya fara tashi daga ƙofar gida, dogo, ba ƙaƙƙautawa. Wata tsohuwa ta juya ta tambaya wane marar kunya ne yake wa mutane hon a gidan da aka yi rashi.

Na tsaya sai da Sanata ya shanye ruwansa.